Kama da Wane Ba Ta Wane: Safaktan na Kwalba da na Huhu

Idan aka haifi bakwaini tun cikin bai wuce mako 28 ba, ƙirjinsa ma'aikatan jinya suke fara zuba wa ido. Yana jan numfashi tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ƙofofin hancinsa suna buɗewa, kuma duk fitar numfashi sai ka ji ɗan nishi. Nishin nan ba kuka ba ne, dabara ce. Jaririn yana tsuke maƙogwaronsa ne don kada iskar ta fice gaba ɗaya huhun ya manne. Abin da ya rasa wani maiƙo ne da likitoci ke kira safaktan, wanda huhu ke fara sarrafawa tun wajen mako na 24, amma ba ya wadata sai an doshi mako na 34 ko 35. Yau akwai shi a 'yar kwalba cikin firij, fari-fari kamar madara. A ɗumama shi, a zuƙa da sirinji, a zuba ta siririn bututu cikin maƙogwaron jaririn, kafin minti kaɗan ka ga leɓen da ya yi shuɗi ya fara ja, har sai an yi hanzarin rage masa iskar oksijin.

Wanda ya ga wannan da idonsa zai ɗauka cewa ɗan'adam ya gama kwaikwayon abin da huhu ke yi. Bai gama ba, bai ma yi kusa ba. Abin da ke cikin kwalbar guntun na asali ne, an zubar da rabin furotin ɗinsa, an wargaza tsarinsa. Abin tambaya shi ne yadda aka yi guntun abu yake ceton rai haka, da kuma inda yake gazawa.

Sai an fara sanin aikin da ake nema ya yi. Huhun babban mutum yana da 'yan jakunkunan iska da suka kai ɗaruruwan miliyoyi, kowace a jiƙe take daga ciki. Shi kuwa ruwa yana da wani hali: fuskarsa tana jan kanta tana neman tsukewa, shi ya sa ɗigon ruwa ke dunƙulewa, shi ya sa kuma allura kan kwanta a kansa ba ta nutse ba idan an ajiye ta a hankali. A cikin 'yar jaka mai zagaye, wannan jan yana neman rufe ta, kuma gwargwadon ƙanƙantar jakar gwargwadon ƙarfin matsin. Duk wanda ya taɓa hura balan-balan ya san cewa hurawar farko ce mai wuya. Bakwainin da ba shi da safaktan, kowane numfashinsa hurawar farko ce.

A ma'aunin masana, ƙarfin jan fuskar ruwa ya kai wajen 70. Safaktan yana shimfiɗuwa a kan fuskar ya sauko da shi zuwa wajen 25, sannan idan mutum ya fitar da numfashi jakar ta tsuke, ƙwayoyin maiƙon sai su matsu da juna har ƙarfin ya kusa zama sifili. Wannan na biyun shi ne abin al'ajabi. Sabulu ma yana rage jan ruwa, amma ba ya iya sauya ƙarfinsa daidai da buɗewa da tsukewar jaka sau dubbai a yini.

Gano wannan ya ɗauki lokaci. A 1929 Kurt von Neergaard ya lura cewa huhun da aka cika da ruwa ya fi saurin kumbura a kan wanda aka cika da iska, ya ce lallai jan fuskar ruwa ne ke riƙe shi. Ba wanda ya kula. Sai a 1955 Richard Pattle a Ingila ya ga cewa kumfar da ke fitowa daga huhu ba ta saurin fashewa kamar sauran kumfa, a 1957 kuma John Clements a Amurka ya auna abin. Su biyun a cibiyoyin binciken soja suke aiki, kan illar gubar yaƙi ga huhu, daga nan maganin jarirai ya samo tushe. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead na Jami'ar Harvard suka nuna cewa huhun bakwainin da cutar numfashi ta kashe ba shi da wannan sinadari. Shekara huɗu bayan haka, a Agustan 1963, ɗan shugaban Amurka John Kennedy, mai suna Patrick, ya rasu da wannan cuta bai cika kwana biyu a duniya ba. An haife shi saura kamar mako biyar da rabi. Yau jariri irinsa da wuya a rasa shi a asibitin da ke da kayan aiki.

Safaktan na halitta, kashi 90 cikin 100 na nauyinsa maiƙo ne, kashi 10 furotin. Cikin maiƙon, wanda ya fi yawa shi ne wanda ake taƙaita sunansa da DPPC, kusan kashi 40 na jimlar. Shi ne ke jure matsi, domin kowace ƙwayarsa tana da wutsiyoyi miƙaƙƙu, suna jeruwa kamar tsintsiya a ɗaure. Masu bincike na shekarun 1960 suka ce ai magana ta ƙare, tunda shi ne mai aikin, a fesa wa jarirai shi. An gwada a Kanada da Singafo, bai yi komai ba. Dalilin yana cikin zafin jiki. DPPC ba ya narkewa sai a digiri 41, jikin mutum kuwa 37 ne. Wato a cikin huhu daskararre ne kamar kakin zuma, ba ya malala, ba ya saurin hawa fuskar ruwa. Jariri kuwa ba shi da lokacin jira, yana numfashi sau 60 ko fiye a minti.

To, ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Sauran kayan haɗin da aka raina su ne suke sa DPPC ya yi aiki. Akwai maiƙo masu lanƙwasasshiyar wutsiya da ke sassauta shi, akwai kwalastaral kashi 5 zuwa 10, sannan akwai furotin guda huɗu da aka laƙaba wa haruffa: SP-A, SP-B, SP-C da SP-D. Biyu na tsakiya ƙanana ne, ba sa jituwa da ruwa, a cikin maiƙo suke zaune. SP-B yana da amino asid 79, wato 'yan tubalan da ake gina furotin da su, SP-C yana da 35. Su ne suke cicciɓo maiƙon daga ƙarƙashin ruwa su shimfiɗa shi a fuska cikin ƙiftawar ido, idan jaka ta tsuke su naɗe rarar a ƙasa, idan ta buɗe su mayar da ita. SP-A da SP-D kuwa manya ne, masu narkewa a ruwa, kuma yawancin aikinsu gadi ne. Suna maƙale wa ƙwayoyin cuta su miƙa su ga ƙwayoyin garkuwar jiki, suna kuma daidaita kumburi.

Wanne ya fi muhimmanci cikinsu? Ɓeraye sun ba da amsa. Ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon SP-A yana numfashi lafiya, sai dai cutar huhu ta fi saurin kama shi. Wanda aka cire wa ta SP-B yana mutuwa jim kaɗan da haihuwa. A 1993 aka gano irin wannan a mutane: jarirai cikakkun wata tara da aka haifa ba sa iya yin SP-B, waɗanda ba abin da ke tsirar da su sai dashen huhu.

Da wannan za a fahimci abin da ke cikin kwalabe. Bayan Goran Enhorning da Bengt Robertson sun nuna a 1972 cewa safaktan na halitta yana buɗe huhun 'ya'yan zomo da ba su isa haihuwa ba, Tetsuro Fujiwara a Jafan ya ba jarirai 10 wani haɗi da ya tato daga huhun shanu, ya buga sakamakon a 1980. Daga nan ƙofa ta buɗe. Har yau yawancin abin da ake amfani da shi daga dabbobi yake fitowa, kuma hanyoyin samo shi biyu ne. Ko dai a ɗauraye cikin huhun da ruwan gishiri a tattara abin da ya fito, ko a niƙa huhun gaba ɗaya a tace. Infasurf na Amurka ɗaurayen huhun maraƙi ne, Alveofact na Jamus da BLES na Kanada ɗaurayen huhun shanu ne. Survanta, wanda aka gina a kan haɗin Fujiwara, niƙaƙƙen huhun saniya ne. Curosurf niƙaƙƙen huhun alade ne, kuma sunansa an haɗa shi ne daga farkon sunayen mutum biyu da suka ƙirƙiro shi a Sitokhom, Tore Curstedt da Robertson ɗin nan dai.

Ɗauraye ya fi tsabta, domin abin da ke kan fuskar jakunkunan kawai yake ɗebowa. Niƙa ya fi auki, amma yana haɗowa da maiƙon bangon sauran ƙwayoyin halitta, wanda ba shi da alaƙa da numfashi. Shi ya sa masu Survanta suke ƙara masa DPPC da wasu maiƙo biyu don ya tsaya, masu Curosurf kuma suke bi da nasu ta wani matacin da ke ware maiƙon da ba a so, har da kwalastaral. Infasurf ya bar kwalastaral ɗinsa. A yawan SP-B ma sun sha bamban: Survanta ne mai mafi ƙaranci, Infasurf da Curosurf sun fi shi.

Abin da ya haɗa su duka shi ne asarar da suka yi. Ana tato su ne da sinadaran da ke narkar da maiƙo, irin su kulorofom, kuma abin da ya bi maiƙo ne kawai ke tsira. SP-B da SP-C suna wucewa, SP-A da SP-D suna zama a baya. Da gangan ne ma a wani ɓangare, tunda babban furotin na dabba yana iya tayar da garkuwar jikin mutum. To amma SP-A shi ne ya fi kowane furotin yawa a safaktan na halitta. Ke nan kwalbar tana ba jariri mai shimfiɗa, ba ta ba shi mai gadi. Haka kuma tsarin ya tafi. A cikin huhu, wasu ƙwayoyin halitta na musamman, waɗanda ake kira nau'i na biyu, suna naɗe safaktan ninki-ninki kamar albasa kafin su fitar da shi, a waje kuma ya warware ya zama wata saƙa mai kama da raga. Wannan saƙar ba ta yiwuwa sai da SP-A. A kwalba, dunƙulallun ƙwayoyin maiƙo ne kawai suke yawo cikin ruwan gishiri. An taɓa samun wanda ya cika, a shekarun 1980, lokacin da aka riƙa tace safaktan na mutum daga ruwan mahaifar matan da aka yi wa tiyatar haihuwa. Ya yi aiki, amma ba ya isa, ga kuma fargabar yaɗa cuta, sai aka bari.

Waɗanda aka haɗa a ɗakin bincike ba tare da dabba ba, tarihinsu ya fi ɗaci. Exosurf, wanda Clements da kansa ya tsara, shi ne na farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, a 1990. DPPC ne da wasu sinadarai biyu masu taya shi malala, babu furotin ko ɗaya. Ya ceci rayuka, a faɗi gaskiya, da babu gara ba daɗi. Amma da aka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na dabbobi, sai aka ga ya fi jinkirin aiki, kuma huhun jarirai ya fi yawan fashewa iska ta tsere cikin ƙirji. A Birtaniya akwai ALEC, shi ma maras furotin. An kara shi da Curosurf, aka tsayar da gwajin kafin lokaci saboda mace-mace sun fi yawa a ɓangarensa, aka janye shi a 2000. Sai Surfaxin, wanda aka sa wa wani ɗan guntun furotin na haɗi mai amino asid 21 don ya kwaikwayi SP-B. Ya sha dogon jira kafin ya sami izini a 2012, a 2015 kamfanin ya daina yin sa. Kafin a ba da shi sai an ɗumama shi a digiri 44 na minti 15 don ya saki, abin da ba ya daɗi ga likitan da jariri ke shiɗewa a gabansa.

Me ya hana a ƙera SP-B da SP-C na gaskiya? SP-B yana naɗewa ne da wasu ɗaure-ɗaure na ciki, sannan ya haɗu bibbiyu, kuma samun wannan siffa a wajen ƙwayar halitta aiki ne ja. SP-C kuwa sanda ce murɗaɗɗiya mai cike da amino asid ɗin da ake kira balin, wadda idan aka haɗa ta a kwalba sai ta warware ta cure da 'yan'uwanta ta zama zare maras amfani. Dabarar da aka samo ita ce a musanya balin da wani amino asid ɗin mai suna liyusin. Da irin wannan kwaikwayo aka haɗa wani sabon safaktan mai lamba CHF5633, mai ɗauke da makwafin furotin biyun, kuma a gwajin da aka yi wa jarirai ya yi kusan kunnen doki da Curosurf.

Mai karatu zai zaci cewa wanda ya fi kama da na halitta shi zai fi ceton rai. A nan ne lissafin ya ƙi fita. A na'urar awo, Infasurf ya fi kusa da na asali a haɗinsa, Survanta ya fi nisa, amma manyan gwaje-gwajen da suka kara su ba su nuna wani bambanci a yawan jariran da suka rayu ba. Inda bambanci ya fito fili shi ne a yawan abin da ake iya bayarwa. Ɗauki jariri mai nauyin kilo 1. Numfashinsa guda bai wuce mililita 5 ba, cikin ƙaramin cokali. Survanta yana da miligiram 25 na maiƙo a kowace mililita, don haka sai an zuba masa mililita 4 kafin ya sami miligiram 100, wato kusan cikin numfashinsa guda na ruwa. Infasurf yana da 35, ana ba da mililita 3. Curosurf yana da 80, don haka mililita 2.5 kacal ke kai masa miligiram 200. Da aka tattara gwaje-gwaje, an ga Curosurf a miligiram 200 ya rage mace-mace da buƙatar maimaita magani fiye da Survanta a 100. Amma idan aka ba da su 100 da 100, ratar takan ɓace. Ni a ganina wannan ya fi kama da nasarar kauri da yawa, ba nasarar alade a kan saniya ba, duk da cewa masu talla sun fi son a fahimce shi ta ɗaya fuskar.

Shi kansa adadin miligiram 100 ba daga sama ya faɗo ba. Kusan abin da jariri cikakken wata tara ke zuwa da shi ke nan a kowane kilo na nauyinsa, alhali bakwaini mai cutar numfashi bai kai 10 ba.

Sirrin nasarar kwalbar yana wajen jaririn. Huhun bakwaini ba lalatacce ba ne, ɗanye ne. Ƙwayoyin nau'i na biyu suna nan, suna aiki, ba su dai cim ma buƙata ba. Kuma suna da halin tattali: safaktan ɗin da ya gama aiki ba sa zubar da shi, suna haɗiye shi su sake naɗewa su fitar. Da aka zuba na saniya ko na alade, sai su karɓe shi a matsayin jari, su cuɗa shi da nasu furotin, har da SP-A ɗin da masana'anta ta zubar. Alan Jobe da Machiko Ikegami, waɗanda suka shafe shekaru suna bincike a kan 'yan raguna bakwaini, sun nuna cewa safaktan ɗin da aka ɗebo daga huhun bayan an ba da magani ya fi wanda aka zuba inganci. Wato huhun ne yake kammala abin da kamfani ya bari. Shi ya sa sau ɗaya ko biyu yakan isa, domin cikin kwana biyu zuwa uku jaririn ya fara tsayawa da ƙafarsa. Shi ya sa kuma allurar siteroyid da ake yi wa mai cikin da haihuwa ta zo mata da wuri, wadda Graham Liggins da Ross Howie suka tabbatar da amfaninta a Niyu Zilan a 1972, take tafiya hannu da hannu da shi: tana gaggauta nunar huhun da zai karɓi jarin.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ita ce inda maganin ya kasa. Jaririn da gadonsa ya hana shi yin SP-B, idan aka ba shi na kwalba yakan farfaɗo na ɗan lokaci ya koma, domin ba masana'antar da za ta sake sarrafa shi. Haka manya masu mummunan kumburin huhu da ke biyo bayan yaɗuwar ƙwayoyin cuta a jini ko haɗari ko namoniya. A takarda, su ma safaktan ɗinsu ya lalace, don haka aka sa rai sosai. An fesa musu Exosurf a wani babban gwaji da aka buga a 1996, bai rage mutuwa ba. An gwada wani mai ɗauke da makwafin SP-C, aka buga a 2004, iskar jininsu ta ɗan gyaru na awoyi, amma adadin masu rayuwa bai motsa ba. A irin wannan huhu bangon jakunkunan ya yage, furotin ɗin jini ya kwararo ciki ya mamaye fuskar ruwan kafin maiƙon ya iso, ƙwayoyin nau'i na biyu su kansu sun jikkata. Safaktan na halitta ya fi jure irin wannan mamaya, kuma SP-A na cikin abin da ke ba shi juriyar. Ga kuma girman huhun babba, wanda zai sha kwalabe masu yawa. Tsakanin nasarar da aka samu a bakwaini da gazawar da aka gani a manya akwai jaririn da ya shaƙi baƙin kashinsa na farko wajen haihuwa: kashin yana kashe ƙarfin safaktan, amma idan aka ba da shi da yawa, sau da dama, yakan taimaka.

A 'yan shekarun nan hankalin likitocin jarirai ya fi karkata ga yadda ake ba da shi fiye da wanne ake bayarwa. Da can sai an sa wa jariri bututu an jona shi da na'urar numfashi, ita kuwa na'urar tana ƙuje ɗanyen huhu. Yanzu a wurare da yawa ana barin sa yana numfashi da kansa, da 'yar iska mai matsi ta hanci, sai a zura wani bututu siriri kamar tsinke tsakanin igiyoyin muryarsa, a ɗiga maganin a hankali cikin minti kaɗan, shi da kansa yana zuƙa, a zare bututun. Daga Jamus wannan salo ya bazu. Ta nan kaurin maganin ya ƙara daraja, tunda jaririn da ke numfashi da kansa ba zai iya da ruwa mai yawa ba. Kwalbar tana zaune a sanyin digiri 2 zuwa 8, ana juya ta a hankali ba a girgizawa don kada ta yi kumfa, kuma ma'aikaciyar jinya takan riƙe ta a tafin hannu ta ɗan yi ɗumi kafin likita ya ce a miƙo.